Takardar Cire Horon Habila

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. A ƙofar majami'a a tare ni, a shago a tare ni, har maƙwabcina mai sayar da fenti, wanda ba ruwansa da harkar ikilisiyarmu, ya leƙo ya ce, "To, Malam Ishaku, ya ka samu ƙanen naka? Ya canja?" Na gaji da ba da labari guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa guntun ya ƙara masa gishiri. Saboda haka zan rubuta shi sau ɗaya, daki-daki, yadda ya faru. Wanda ya sake tambayata, in miƙa masa wannan ya karanta.

Da farko, dalilin tafiyar

Ni kafinta ne a Azare, kuma dattijo a ikilisiyarmu. Habila ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, magini. Tun yana ƙarami zuciya gare shi. Mahaifiyarmu takan ce da hannu a dunƙule ya zo duniya, sai da ta yi kwana uku kafin ta ga tafinsa.

Shekara goma sha huɗu da suka wuce muna ƙara wa majami'a faɗi, shi ke jan ginin. Na ɗauko zaren awona mai ƙarfe a baki, na sake shi a jikin bango, na ce a gaban jama'a bangon ya karkace. Gaskiya na faɗa. Habila ya sauko daga kan katako ya kwaɗa mini mari. Tun daga ranar kunnena na hagu ba ya jin komai, sai wani kuka kamar na ƙudan zuma a nesa.

Majalisar dattawa ta sa shi a horo. Ga wanda bai sani ba, mai horo a bencin baya yake zama, ba ya cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a sujada, har ranar da aka ga tubansa aka cire shi. Bencin nan ni na ƙera shi da hannuna. Habila ya zauna a kai Lahadi biyu, a ta uku aka neme shi aka rasa.

A watan Maris na bana wasiƙa ta zo ta hannun Alhaji Buba, wani mai fataucin shanu na Katagum da na taɓa yi wa ƙofofi. Faston wani ƙauye ne a ƙasar Dungas ya rubuto. Ya ce Habila na wurinsu, suna so su naɗa shi dattijo, amma ya ƙi, ko jibi ba ya ci, wai yana cikin horo a gida. Suna roƙon takardar cire horo. Majalisarmu ta rubuta, fastonmu ya sa hannu, aka bar layi ɗaya a ƙasa. Suka ce, "Dattijo, kai aka yi wa laifi. Je ka gani da idonka. In ka gamsu ka sa hannu ka ba su. In ba ka gamsu ba ka dawo mana da ita."

Na rubuta tambayoyi bakwai da zan yi masa. Na naɗe su tare da takardar a leda, na sa a aljihun ƙirji. Na kuma ɗauki zaren awona. Uwargida ta gan shi a jaka ta ce, "Wannan kuma na mene ne?" Na ce kayan aiki ne. Ta dube ni, ta rufe jakar.

Zango na ɗaya: Azare zuwa Katagum

Ran Laraba da ƙarfe bakwai daidai ina tasha. Mota ba ta cika ba sai sha ɗaya. Na zauna a gaba ta wajen taga, shi ya sa kunnena mai ji ya fuskanci iska, matacce ya fuskanci direba. Har muka wuce Sakwa yana ta ba ni labari ina gyaɗa kai, ban san me yake cewa ba. Da muka sauka ya riƙe hannuna ya ce ya daɗe bai ɗauki fasinja mai fahimta irina ba.

Alhaji Buba ya sauke ni a zaurensa. Da la'asar muka sauka bakin kogi, wanda a wannan lokaci yashi ya fi ruwa yawa. Masu lambu na ban ruwa, shanu na tsaye cikin ɗan ruwan da ya rage kamar an dasa su. Na gaya masa abin da zai kai ni.

Ya ce, "Malam Ishaku, shekarata talatin ina sayen shanu. Ban taɓa ganin sa mai tunkuyi ya daina ba."

Na ce, "Ka ga abin da nake faɗa."

"Tsaya, ban gama ba. Abin da na gani shi ne, wani makiyayin ya iya tafiya da shi, wani bai iya ba. Sa ɗaya, a hannun wannan ya kashe mutum, a hannun wancan shi ne jagaban garke."

Na ce, "Mutum ba sa ba ne. Mu a wurinmu wanda ya karɓi Almasihu da gaske sabo yake zama. Tsohon ya tafi ke nan."

Ya yi dariya har da tafawa. "To kai yaushe ka karɓa? Don tun da na san ka, ƙofa ɗaya sau uku kake aunawa, kuma ban taɓa ganin haƙorinka ba."

Ban ga abin dariya ba. Aka kawo tuwon dawa miyar kuka da busasshen kifi, muka ci.

Zango na biyu: zuwa iyaka

Ran Alhamis tun da asuba muka kama hanyar Haɗeja, daga nan Gumel, daga nan Maigatari, domin ranar kasuwarta ce. A nan na fara ganin raƙuma da yawa wuri ɗaya, suna kallon mutane daga sama kamar sun san laifin kowa. Alhaji ya haɗa ni da direban wata tsohuwar akori-kura mai shiga ciki, ya ce ran Litinin in dawo ta nan.

A iyaka wani jami'i ya buɗe jakata, ya zaro zaren awo, ya ɗaga shi ƙarfen na lilo.

"Wannan laya ce?"

Na ce, "Na duba gini ne."

"Gini za ka yi a ƙasarmu?"

"Dubawa zan yi."

Ya juya wajen abokan aikinsa. "Ku zo ku ga baƙo. Tun daga Najeriya ya taso ya duba mana ko mun miƙe." Suka yi ta dariya. Ya mayar mini, ya ce in na samu ƙasar a karkace in sanar da shi a hanyar dawowa.

Zango na uku: yashi

Bayan iyaka ba da nisa ba kwalta ta ƙare. Motar ta kafe sau biyu, muka sauka muka tura. A karo na biyu takalmina ɗaya ya nutse, na tona na tona ban same shi ba, sai da wata tsohuwa ta sa ƙafa ta lalubo shi nan take, ta ce, "Baƙo, yashi ba a yi mishi gardama."

Ga abin da na lura da shi a hanya. Na ɗaya, Hausarsu tamu ce, amma fura hura ce, lafiya lahiya ce, makaranta kuma lakwal. Na biyu, burodinsu dogo ne kamar sanda, da tauri, a hammata ake riƙe shi. Na uku, ba mai tambayar ƙarfe nawa. Na duba agogona sau da yawa, har wani ya tambaye ni ko ciwo yake mini.

Mun kwana a Dungas a rumfar wani mai shayi. Da safe na hau amalanken shanu mai zuwa ƙauyen. Wannan zango ba zan iya ba da shi daidai ba, domin ban san inda na yi barci da inda na farka ba. Rana ta yi sama, yashi fari fat, can gaba sai ka ga kamar tafki, itatuwa na shawagi a kansa ba su taɓa ƙasa ba. Ba ƙarar inji, ba muryar mutum. A wurin na ji kunnuwana biyu sun zama ɗaya, abin da na manta yadda yake. Kukan zumar nan ya cika sararin duka. Na ga mahaifiyarmu zaune a bakin amalanke, ƙafafunta na reto, tana buɗe yatsun jariri ɗaya bayan ɗaya, tana hura musu iska. Na ga ni da Habila muna yara a bayan gidanmu, yana jifan bishiyar kuka da dutse don ta ƙi sakar masa ɗa, ni kuma ina tsaye ina ƙirga jifan don in kai ƙara. Na tuna har adadin. Goma sha ɗaya.

Mai amalanke ya taɓa ni ya ce mun iso. Na ce gidan Habila magini nake nema. Ya ce, "Wa? Au, Malam Zauna kake nufi."

Zango na huɗu: gidan Habila

Ya yi furfura. Wannan ne abu na farko. Ya fito daga gida ya gan ni, ya tsaya, ya durƙusa ya ce, "Yaya, sannu da hanya." Na ce, "Yauwa." Ya karɓi jakata. Da muka kama tafiya sai ya zagayo ta damana. Duk kwanakin da na yi, ko tafiya ko zama, ta dama yake bi. Ba wanda ya tuna masa.

Matarsa Hanatu 'yar can ce. Ta kawo hura mai sanyi a ƙwarya, ta kawo dambu da zogale. Da Habila ya fita neman tabarma, na ga dama ta samu, na ce, "Hanatu, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Yana fushi?"

Ta ce, "Kullum, Baba."

Na ajiye ludayi.

"Jiya ma ya yi da akuya. Shekaranjiya da mai kawo mishi ruwa."

"Ya taɓa dukanki?"

"Ina! Zama yake yi."

Ta bayyana mini. Duk inda zuciya ta taso masa, nan take yake zama a ƙasa, ya sa hannuwansa ƙarƙashin cinya. A kasuwa ne, a hanya ne, a gidan biki ne. Ya taɓa zama a tsakiyar garken tumaki, ya taɓa zama a kan ƙaya. Mutanen gari tun suna dariya har suka saba. In an gan shi zaune sai a kewaye shi kamar kututture, a ce a bar Malam Zauna ya gama.

Da yamma ya dafa mini shayi irin na Buzaye, a ɗan ƙaramin kofi, zagaye uku. Wannan al'ada ta burge ni, domin tana da tsari: ba a tsallake na farko a sha na uku. Tambayoyina bakwai na aljihu. Na yi niyyar farawa bayan kofi na farko, sannan na ce bayan na biyu. Muka yi maganar wanda ya mutu da wanda ya yi aure. Ba wanda ya ambaci kunne.

Zango na biyar: bango

Ran Asabar ya tafi da ni inda yake gina wa majami'arsu ɗakin ajiya da bulon laka. Fastonsu na wurin, wani siriri mai sanyin murya, da maza kamar shida masu taimako, da mata masu kawo ruwa. Bango ya kai kafaɗa.

Abin da na yi da gangan na yi shi, ba zan ɓoye ba. Na zaro zaren awo na sake shi a kusurwar gabas. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Habila, bangon nan ya karkace."

Kuma ya karkace ɗin. Ban yi masa ƙage ba.

Kowa ya tsai da aiki. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, idanunsa suka kaɗa. Fuskar nan ce dai ta shekara goma sha huɗu da suka wuce, ba abin da ya ragu. Ya diro daga kan katako. Ya tako ɗaya, biyu. Hannun dama ya tashi har kafaɗa. Ni kuwa, ban san lokacin da na kai tafina na rufe kunnena mai ji ba.

Sai ya zauna daɓas a cikin kwaɓin laka. Laka ta fantsamo har rigata. Ya cusa hannuwansa ƙarƙashinsa, ya sunkuyar da kai, bakinsa na motsi. Wata mata ta kewaye shi da tulunta ta juye ruwa ta wuce abinta. Na duba agogo. Minti tara ya yi.

Sannan ya ɗago ya ce, "Yatsa nawa, Yaya?"

Na ce, "Biyu."

Ya tashi, wando duk laka, ya ce wa mutanensa, "Ku sauke layi huɗu na sama." Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Malam Zauna, wannan baƙon naka in ya yi wata guda nan, sai mun saya maka kujera." Aka yi dariya, har shi.

A hanyar gida na tambaye shi wa ya koya masa. Ya ce wani tsohon Buzu mai haƙar rijiya da ya yi wa aiki farkon zuwansa. Shi ya ce masa mai zaune ba ya marin kowa, hannunsa ba ya kaiwa.

"To me kake faɗa in ka zauna?"

"Ba wani abu mai tsawo ba ne. Cewa nake, Yesu, riƙe hannun nan. In ta faɗa har in ji an riƙe." Muka ɗan taka. Ya ce, "Na yi shekara biyar ina azumi ina roƙon a cire mini zuciyar nan gaba ɗaya, Yaya. Ba a cire ba. Wutar na nan yadda ka san ta. Murhu kawai aka gina mata."

Muka ci gaba da tafiya. A matsayina na kafinta na yi tunani. Itacen maɗaci ko ka goge shi shekara goma ba zai zama itacen doka ba. Sai dai a sassaƙa shi a yi kulki, ko a yi ƙofa. A da na zaci sabon mutum wani itace ne dabam ake kawowa.

Zango na shida: Lahadi

Majami'arsu ɗaki ɗaya ce, ba benci, tabarmi ne, kuma a ƙofa ake tuɓe takalma. Waƙoƙinmu ne suke yi, amma a hankali, kamar masu rarrashin yaro. Aka ba ni kujerar baƙo a gaba. Na waiga ina neman Habila, sai na hango shi can baya, shi kaɗai, a kan wani guntun buhu kusa da takalma.

Fasto ya raɗa mini ta dama, domin an riga an gaya masa zancen kunnena, ya ce, "Ba mu muka sa shi can ba, Dattijo. Tun ranar da ya zo nan yake zama. Ya ce bencinsa ne."

Ranar akwai jibi. Aka zaga da faranti. Da aka zo kusa da shi ya sunkuyar da kai, mai rabo ya wuce. Ni na karɓa. 

Takardar tana aljihuna, biro ma yana nan, amma ban sa hannu ba. Ga dalili. Abu yana da tsari: mai laifi ya furta laifinsa, ya roƙi gafara, a yafe masa, sannan takarda. Kwana uku ina gidansa bai ce "Yaya, ka yafe mini" ba. Ba zan fara daga na huɗu ba. Da rana na kwanta a ƙarƙashin bishiyar bedi, ina kallon ganye na motsi ba iska, sai maganar Alhaji Buba ta dawo mini. Yaron nan mai ƙirga jifa don ya kai ƙara, ashe shi ne kwance a nan da furfura. Habila ya san wutarsa, ya samo mata wurin zama. Ni tawa ba ta da hayaƙi, shi ya sa ban taɓa neman a riƙe mini komai ba.

Duk da haka ban sa hannun ba.

Zango na bakwai: dawowa

Ran Litinin da sassafe ya rako ni inda amalanke ke tsayawa, Fasto na biye da mu a baya kaɗan. Ba wanda ya tambayi takarda. Hanatu ta ɗaura mini ƙullin dabino da cuku. Na ɗora jaka, na juyo in yi sallama.

Sai Habila ya zagayo ta haguna. Karo na farko ke nan. Na buɗe baki in ce masa ya yi kuskuren gefe, sai ya dafa kafaɗata, ya kawo bakinsa daidai kunnen da ya mara, ya fara magana.

Ya daɗe yana yi. Ban ji kalma ko ɗaya ba. Ɗumin numfashinsa kawai nake ji, da gemunsa na taɓa wuyana. Shanun amalanke na tsaye suna tuƙa. Kukan zumar ya taso ya yi ƙarfi, sannan ya lafa, kamar ƙudan sun samu reshe sun sauka. Wani abu mai ɗumi ya ɗiga mini a wuyan riga.

Da ya gama ya ja baya yana kallon ƙasa.

Na ce, "Na ji."

Kun san ni, ba na ƙarya. Na auna maganar nan sau da yawa tun daga ranar, ban same ta a karkace ba.

Na zaro ledar, na shimfiɗa takardar a kan katakon amalanke, na sa hannu a layin da aka bari, na rubuta kwanan wata, na miƙa wa Fasto. Tambayoyina bakwai suka biyo ta suka faɗi ƙasa. Kafin in sunkuya wata akuya ta riga ni. Na ga jijiyar wuyan Habila ta motsa, gwiwarsa ta fara lanƙwasa, na ce, "Bar ta, kada ka ɓata wandonka."

A iyaka jami'in nan ya gane ni. Ya ce, "Mai awo, ya ka same mu?" Na ce yatsa biyu ne, kuma an gyara.

To, ga amsarku. Masu tambaya ko Habila ya canja: zuciyarsa na nan, na gan ta da idona, taku biyu tsakanina da ita. Kuma na sa hannu, ko gobe aka sake kawowa zan sa. Masu tambaya me ya faɗa mini a kunne: ban sani ba. Kunnen da aka yi wa laifi shi aka ba haƙuri, shi kuma bai gaya mini ba.

Kukan zumar ya dawo tun kafin mu kai Gumel. Sai dai yanzu in ya taso ina tsakiyar aiki, nakan ajiye zarto, in zauna a ƙasa cikin garin katako, in saurara, ko zan tsinci kalma ɗaya.